Daga Gidan Kallo Zuwa Ɗakin Labarai: Yadda Ake Karatun Aikin Jaridar Wasanni a Jami'a

Kowane gidan kallon ƙwallo yana da irinsa: yaron da ya san nawa Real Madrid ta sayi wane, ya haddace sunayen 'yan benchin Arsenal, in musu ya kaure shi ake juyowa a tambaya. Irinsa ne yakan zo ya ce mini yana son ya karanci aikin jaridar wasanni a jami'a. Tambaya ɗaya nake masa: wa ya tsare wa Kano Pillars raga a wasanta na makon jiya? Yawanci sai ya yi tsuru-tsuru. Ba don in ba shi kunya nake tambayar ba. So nake ya gane tun da wuri cewa abin da ya haddace wani ne ya je ya gani, ya tambaya, ya rubuta, shi kuma ya tsinta a waya. Aikin da yake nema shi ne ya zama wancan mutumin da ya je.

Mataki na farko: ka san sunan kwas ɗin da za ka cike

A yawancin jami'o'in Najeriya ba za ka tarar da digiri mai suna "aikin jaridar wasanni" ba. Ƙofar shiga ita ce sashen koyon aikin jarida, wanda ɗalibai ke kira Mass Comm, karatun shekara huɗu ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. A 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar da raba wannan kwas gida bakwai: aikin jarida, watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwar raya al'umma, da nazarin bayanai da kafofin labarai. Wasu jami'o'in sun raba, kamar Jami'ar Bayero ta Kano da ke da tsangayar sadarwa sukutum, wasu kuma suna nan da tsohon suna. In an raba a inda kake nema, biyu ne naka: aikin jarida in alƙalami ne ƙarfinka, watsa shirye-shirye in murya ce. Ni dai aikin jarida nake fifitawa ko da rediyo kake hange, domin mai sharhin da bai iya rubutu ba hayaniya kawai yake sayarwa.

Ma'anar wannan ita ce jami'a za ta koya maka aikin jarida, wasannin kuma kai za ka ɗora da hannunka. Sauran wannan jagora duk a kan ɗorawar take.

Mataki na biyu: takardun sakandare da JAMB

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga aji huɗu na sakandare ake shirya wannan karatu, lokacin zaɓen ɓangare. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, jami'o'i da dama kuma suna ƙara lissafi da adabin Turanci. Adabin nan shi ke kayar da mutane. Ɗalibi ya yi kimiyya, ya ci komai, ranar tantancewa a ce masa babu adabi, shekara ta tafi. In ka riga ka gama ba tare da shi ba, jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara tana nan, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu.

Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, tambayoyi 180 cikin awa biyu a kan kwamfuta, 60 daga ciki na Turanci ne. Sauran darussa ukun sun danganta da jami'a, saboda haka kada ka yarda da abin da mai shagon intanet ya gaya maka da ka. Ka buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB na shekarar, ka karanta layin jami'ar da ka zaɓa da idonka. Kana buƙatar lambar NIN, kuma sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a kowace takarda. Mass Comm na cikin kwasa-kwasan da ake rububi, don haka makin da aka sanar a matsayin mafi ƙanƙanta ba shi ne makin da ke ba da gurbi ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka baro a baya wajen ilimi. Ɗan Jigawa ko Katsina da ya sa Bayero zaɓin farko ya fi hikima da wanda ya jefa ƙuri'arsa can inda ba shi da kaso. In gurbi ya fito, ka tabbata ya bayyana a shafin CAPS na JAMB ka kuma karɓa a can. Gurbin da bai bi ta nan ba yana iya hana ka bautar ƙasa bayan shekara huɗu.

Wanda bai samu ba kada ya zauna zaman jira. Difloma ta shekara biyu a kwalejin fasaha, irin ta Kaduna ko ta Kano, tana iya kai ka aji biyu na jami'a kai tsaye in sakamakon ya yi kyau. Haka ma IJMB, karatun share fagen shiga jami'a. Akwai kwalejin talabijin ta NTA a Jos mai alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Koyon Aikin Jarida ta Najeriya a Ogba, Legas. Ɗan Nijar kuma yana da makarantar koyon aikin jarida ta ESSCOM, wadda a da ake kira IFTIC, a Yamai. In kuɗin makaranta ne cikas, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki tun 2024 ga 'yan makarantun gwamnati.

Ga mai hangen waje

A Ingila ne ake samun digirin da sunansa ƙarara, shekara uku, a jami'o'i irin su Brighton, Sunderland da Solent ta Southampton. Ana nema ta UCAS, shafin neman gurbi a jami'o'in can, inda ake zaɓar kwas har biyar. Mai takardar WAEC kaɗai sau da yawa sai ya yi shekarar share fage tukuna. Abin dubawa kafin a biya ko sisi shi ne ko NCTJ, hukumar horar da 'yan jarida ta can, ta amince da kwas ɗin, domin takardarta editocin can suka fi ganewa, kuma tana gwada saurin rubutun gajarce har kalma 100 a minti ɗaya. A Amurka, makarantar Walter Cronkite ta Jami'ar Jihar Arizona tana ba da irin wannan digiri cikin shekara huɗu. Kuɗin dai ba na wasa ba ne, kuma ga wani abu da ba a cika faɗa ba: za ka dawo ka iya rahoton gasar Ingila, alhali masu yin wannan sun yi yawa har sun rasa wurin tsayawa. Wanda ya san El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ciki da bai shi ne ba a samu.

Mataki na uku: ka mayar da kowane darasi na wasanni

Shekarar farko gabatarwa ce da darussan gama-gari, za ka ji kamar an yaudare ka. Ka daure, ka kuma tsare makinka, domin matsakaicin maki yana da wuyar tashi in ya faɗi tun farko: 3.50 cikin 5 ne ke ba da babban mataki na biyu, 4.50 mataki na ɗaya. Daga aji biyu ake shiga rubuta labari, tacewa, ɗaukar hoto da haɗa shiri. Aji uku dokokin aikin jarida, ladubbansa, dabarun bincike da zuwa koyon aiki. Aji huɗu kundin kammalawa.

Dabarar ita ce duk aikin da malami ya bari ka zaɓi maudu'i, ka karkata shi zuwa fili. An ce a yi hira? Ka nemi kocin wata ƙungiyar unguwa da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa. An ce a ɗauki hoto? Filin makarantarku da yamma. An ce a rubuta labari mai zurfi? Ka bi tsohon ɗan wasan da rauni ya zaunar, ka ji da me yake ci yanzu. Jaridar sashe da rediyon jami'a kullum suna neman mai riƙe musu shafin wasanni, kuma gasar tsakanin tsangayoyi da ta jami'o'in Najeriya, wato NUGA, ba su da mai rubuta su yadda ya kamata. Ka karɓa, ko da masu saurarenka ba su cika mota ɗaya ba.

Sannan ka karanta dokoki. Abin takaici ne yawan masu sharhin da ba su taɓa buɗe littafin dokokin ƙwallon ƙafa ba, alhali guda 17 ne kacal, hukumar IFAB tana sabunta su kusan kowace shekara, kuma kyauta ake sauke su. Doka ta 11 ita ce satar gida, ta 12 laifuffuka. Ka san cewa babu satar gida daga jifa, ko bugun kusurwa, ko bugun mai tsaron gida daga raga. Kada kuma ka tsaya a ƙwallon ƙafa. Ranar da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022, wanda ya san yadda ake auna iska a tsere shi kaɗai ya iya bayyana dalilin da ya sa 12.06 da ta yi a zagayen ƙarshe bai shiga kundin tarihi ba. Ƙwallon kwando, guje-guje, da folo da ake bugawa a Kaduna, Kano da Katsina, ka zaɓi ɗaya ka ƙware.

Mataki na huɗu: rahoton wasa

Wannan shi ne tuwon aikin, kuma a fili ake koyonsa. Ka isa awa ɗaya da rabi kafin a take. Ka nemi takardar jerin 'yan wasa, ka kwafi suna da lamba, ka tambayi jami'in yaɗa labaran ƙungiya yadda ake rubuta sunan da kake shakka. Ka raba shafin littafinka biyu, kowace ƙungiya da gefenta, minti a tsakiya. Agogonka daban, ka kunna shi da busar farko, kada ka dogara da allon fili. Duk ƙwallon da aka zura ka rubuta abu huɗu nan take: minti, wa ya ci, wa ya ba shi, da wace ƙafa ko da ka. Abin da ba ka gani da kyau ba, ka tambayi mutum biyu kafin ka rubuta. Waya takan mutu, intanet a fili cike da jama'a ba ta da tabbas, biro biyu da littafi ba sa ba da kunya.

Sabon shiga yakan fara rahoto da "An buga wasa jiya a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata", sai a sakin layi na biyar mu ji wa ya ci. Juya shi. Jimlar farko ta ɗauki sakamako da abin da ya sa wasan ya bambanta da sauran: wa ya ci, da nawa, me hakan ya canza a teburi. Sai ƙwallaye, sai abin da ya juya wasan, jan kati ne ko canji, sai maganar masu horarwa. Ka fara rubutu tun hutun rabin lokaci, ka bar saman a buɗe, domin ƙwallon minti na 90 tana rushe duk abin da ka gina. Ka saba da kammala kalma 400 cikin minti 20 bayan tashi. Da farko ba zai yiwu ba. Bayan wasa goma zai yiwu.

Wajen tambayar koci, "Yaya ka ga wasan?" ba tambaya ba ce. Ka ce: "Koci, ka cire ɗan tsakiya a minti na 60 kana kan gaba da ci ɗaya, me ka hango?" Nan ne zai faɗi abin da za a buga.

Mai son sharhin rediyo ya kashe muryar talabijin, ya ɗauki kansa a waya na minti 15, ya saurara. Mai sauraro ba ya gani, don haka ka riƙa gaya masa inda ƙwallo take, ka maimaita ci da minti a kai a kai saboda wanda ya kunna yanzu. Marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya, wanda ya rasu a 1990, har yau ana tuna laƙabin da ya raɗa wa Segun Odegbami da Christian Chukwu. Abin koyi a wurinsa shi ne ya ƙirƙiri nasa salon, bai ari na kowa ba.

Mataki na biyar: Hausarka jari ce

Da Turanci za a koyar da kai, da shi za ka ci jarrabawa, kuma dole ka iya shi. Amma kasuwarka mafi girma tana jin Hausa, daga Kano har Damagaram, Kumasi da Garwa. BBC tana watsa shiri da Hausa tun 1957, ga DW, RFI, Rediyon Tarayya na Kaduna, Freedom da ta buɗe a Kano a 2003, ga jaridar Aminiya, kuma a duk inda ake labarai ana buƙatar mai wasanni. Sai dai jin Hausa daban, rubuta ta daban. Ka koyi ƙa'idojin rubutu, raba kalma da haɗe ta, da haruffa masu lanƙwasa, domin "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne, kuma a labarin ƙwallo kullum sai ka haɗu da su. In sashenku ya yarda a ɗauki darasin zaɓi daga sashen harsunan Najeriya, ka ɗauki fassara.

Ka buɗe littafi na musamman don kalmomi: bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida, katin gargaɗi, kunnen doki, canjaras, wasan daf da na ƙarshe, ƙarin lokaci. Ka lura da nauyin kowace. Wanda ya ci 1-0 da ƙyar ya sha, bai "lallasa" kowa ba. A ajiye lallasa da ragargaza sai ranar 4-0.

Ga kuma filin da kusan babu kowa a cikinsa. Dambe yana da jama'a, yana da ɓangarorinsa na Arewa, Kudu da Guramaɗa, yana da harshensa na turmi da kisa da zare, bidiyonsa yana yawo a duniya, amma in ka nemi rubutaccen tarihin wa ya kashe wa, wato ya kayar da shi, a ina, a wace rana, sai ka sha wuya. A Nijar gasar kokawa ta neman takobi tana gudana tun 1975, jihohi takwas suna karawa, ƙasa ta tsaya cak a saurari rediyo. Ɗalibin da ya ɗauki shekara biyu yana zuwa gidan dambe da littafi, yana rubuta sakamakon kowace karawa, zai fita jami'a da abin da babu wani ɗan jarida da ke da shi. Langa ma haka.

'Yan mata kuma, ƙanwata kada wani ya ce miki ba wurinki ba ne. Aisha Falode ta yi suna a wannan aiki har ta shugabanci gasar ƙwallon mata ta ƙasa, Super Falcons kuma sun ɗauki kofin Afirka karo na 10 a 2025. Ki tafi fili tare da abokan aiki, ki zauna a wurin 'yan jarida, ki saka katin shaidarki inda za a gani.

Mataki na shida: ambulan, kishin ƙungiya da doka

Ranar farko da za a miƙo maka ambulan bayan taron manema labarai, a ce "ga na mota", ba ka da ko kuɗin komawa makaranta. Ba zan yi kamar abu ne mai sauƙi ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da 'yan wasa suka yi wata biyar ba albashi suka zo wurinka, bakinka ya riga ya mutu. Haka tallan caca, wanda ya mamaye shirye-shiryen wasanni. Ka yanke matsayarka tun kana ɗalibi, kafin yunwa ta yanke maka.

Labarin wasanni ba ya ƙarewa a raga. A 2013, a wasannin neman hawa mataki, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Babayaro 67-0, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta hukunta ƙungiyoyin huɗu. A 2018 binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya yi awon gaba da shugaban hukumar ƙwallon Ghana, Kwesi Nyantakyi, a watan Janairun 2019 kuma aka harbe Ahmed Hussein-Suale, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin. Saboda haka darasin dokoki ba na barci ba ne. Ka fahimci ɓata suna, ka san cewa zargi ba hujja ba ne, ka ji ta bakin wanda ake zargi kafin ka buga. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman takardu daga hukumomin gwamnati, kuma yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya da kuɗin gwamnatocin jihohi suke tafiya. Kasafin kuɗin jiha ma takarda ce ta jama'a. Ka koyi karanta layin ma'aikatar wasanni a ciki.

Kishin ƙungiya kuwa, ka bar shi a gida tare da rigar. Kana iya zama ɗan Sai Masu Gida, wato Kano Pillars, tun kana goye, ka haddace kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014, da yadda aka fitar da Al Ahly a 2009, amma ranar da magoya baya suka yi jifa, kai ne za ka rubuta cewa sun yi. Wani gargaɗi ƙarami: ɗora guntun bidiyon wasan Turai a Facebook ko TikTok satar haƙƙin mallaka ce, shafin da ka sha wuya ka gina yana iya rufewa dare ɗaya.

Mataki na bakwai: koyon aiki, kundi da fita

Kada ka jira sashe ya tura ka. Wata uku kafin lokacin koyon aikin ɗalibai na SIWES ka je gidan rediyo ko jaridar da ke da teburin wasanni mai rai, da rahotanni biyar da ka rubuta a hannunka, ka nemi ganin editan wasanni, ba mai gadi ko sakatare kaɗai ba. Ƙaramin gida da zai ba ka makirufo ya fi babban gida da za a riƙa aikenka sayen ruwa. Ka gabatar da kanka ga reshen jiharku na SWAN, ƙungiyar marubuta labarin wasanni, domin ta hannunsu ake sanin yadda ake samun izinin shiga wurin 'yan jarida. AIPS, ƙungiyar 'yan jaridar wasanni ta duniya, ita ma tana da shirin horar da matasan 'yan rahoto a manyan gasanni, ka riƙa leƙa shafinta.

Kundin kammalawa kada ka saya, kada ka kwafa. Ka ƙirga minti nawa gidajen rediyon garinku ke ba gasar gida in an kwatanta da ta Turai cikin wata uku, ko ka nazarci kalmomin da masu sharhin Hausa suka ƙirƙira. Bayanan da ka tattara da kanka suna iya zama labarinka na farko da za a biya.

Kafin kiran bautar ƙasa ya zo, ka tara aikinka wuri ɗaya mai adireshin da za ka iya turawa: rahoton wasa goma mafi kyau, hira uku, labari mai zurfi ɗaya, sharhin murya na minti biyar da Hausa, wani da Turanci, kowanne da kwanan wata. A sansani ka shiga rediyon masu bautar ƙasa, ka nemi a tura ka gidan labarai ko hukumar wasanni ta jihar. In edita ya kira ka, takardar digiri zai duba sau ɗaya ya ajiye. Abin da yakan biyo baya shi ne ya miƙo maka sakamakon wasan jiya da jerin 'yan wasa, ya nuna maka kujera, ya ce yana son sakin layi huɗu kafin a shiga labaran ƙarfe shida.